Shekarar da Aka Hana Ɗiban Kawa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da Baba, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ni lafiyata ƙalau, sai zafi. Na san da waya ce da kin yi ta cewa in ɗaga murya, ni kuma a nan sai na hau tudu kafin in samu layi, don haka takarda ta fi mana sauƙi. Jirgin ruwan da ke kawo mana kayan abinci shi ke tafiya da ita.

Kin ce in bayyana miki aikina yadda za ki iya maimaita wa maƙwabta, don kin gaji da cewa “tana aikin ruwa” ana ɗauka famfo nake gyarawa. To ga shi. A cikin teku akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu. Ba su da saiwa, yawo suke a saman ruwa inda rana ke kaiwa. Su ne abincin 'ya'yan kifi da na kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake cin namanta, kuma kaso mai yawa na iska mai kyau da ke duniya daga gare su take. Aikina in fita da safe a kwale-kwale, in ɗebo ruwa a kwalba, in auna zafinsa, in dawo in ɗiga shi a ƙarƙashin madubin likita irin wanda kuke duba jini da shi a asibiti, in ƙirga su iri-iri. Shi ke nan. Gobe ma haka.

Lokacin da na zo, waɗanda suka fi yawa wasu ne masu kama da 'yan akwatunan gilashi, wasu kamar maɓalli, wasu kamar allura. Yanzu sun ragu. Ruwan ya fi ɗumi a kan yadda shugabana Farfesa ya same shi da ya buɗe ofishin nan, ga kuma takin gonaki da kogi ke kwasowa yana juyewa a bakin teku. Wani iri ne ya fara yawa, mai 'yar jela, yana iyo, suna haɗuwa kamar sarƙa. Da can ba a ganinsa a nan. Yana da guba. Kawa tana cinsa ba ya mata komai, amma tana tara gubar a jikinta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Farfesa yana jinya a birni, ya bar min hatimi da makulli. Idan abin nan ya wuce iyaka, ni ce zan sa hannu a hana ɗiban kawa. Matar da nake haya a gidanta, da uwarta, da kusan duk matan unguwar, sana'arsu ke nan. Mai Kawa muke ce mata, duk da kowa a nan mai kawa ne. Jiya ta aiko min da kwano cike da kawa, na mayar na ce na ƙoshi. Ta leƙo ta ce, “Malama, yaushe kika fara ƙoshi?”

Ki gaida Baba. Ki ce masa ina nan kan alkawarina, zan zo da hutu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna lafiya. Ƙafa da sauƙi in ban daɗe a tsaye ba. Maigidan yana gaishe ki, ya ce in kin gama ƙirga tekun ki zo ki ƙirga masa gashin da ya rage a kansa, ba zai ci miki lokaci ba.

Na karanta wa matar tela bayanin naki. Ta ce, “Wato ciyawa take ƙirgawa.” Na ce eh. Ta ce, “Da duk karatun nan.” Na ce eh. Ina ganin gara mu koma kan famfon.

Baba yana nan, yana ci yana barci. Ranar nan ya kwance rediyon falo, ya jera 'yan kusoshin a faranti kamar yadda yake yi a shago, amma har yanzu bai mayar ba. Wai akwai abin da yake jira. Na ƙyale shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gyaran rediyo ba za a hana shi taɓa waya ba. Na gaya masa saƙonki, ya ce madalla.

Sai batun matan nan. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, na san yadda ake gaya wa mutum abin da ba ya son ji. Kada ki bari ta ji a bakin wani, ko ta gani a takardar da aka manna a bango. A gidanta kike kwana. Ki zaunar da ita ki gaya mata tun yanzu. Ki kuma daina cewa kin ƙoshi, ƙarya ba ta taɓa karɓarki ba tun kina ƙarama. Ke dai kada ki ci.

Ki riƙa rufe kanki a kwale-kwalen nan, kin san ki da ciwon kai.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jikina lafiya.

Na yi yadda kika ce. Na zaunar da Mai Kawa a ƙofar ɗakina na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe tana yanka albasa. Da na gama ta ce, “To mu ci me?” Ta ci gaba da yankan albasarta.

Ba a daɗe ba aka yi ruwan sama mai yawa, sai rana ta buɗe, iska ta tsaya cak. Da safe muka fita, matuƙin kwale-kwalen ya kashe inji ba tare da na ce masa ba. Tekun ya koma kalar shayin da ba madara, har iyakar gani. A madubi kuwa ba sai na ƙirga ba, sun cika gilashin, babu sauran wani iri. Na sa hannu, na buga hatimi, hukuma ta zo ta kafa alluna a bakin ruwa.

Matan sun zo ƙofar ofis da kwandunansu. Ba su yi zagi ba. Sun zauna a inuwar katanga har inuwar ta ƙare, suka tashi. Ina kallonsu ta taga ina wanke kwalabe.

Sai kifi ya fara mutuwa. In tsirran nan suka yi yawa suka mutu, ruɓewarsu tana cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya rasa numfashi. Ga shi nan birjik a kan yashi, har tsuntsaye sun gaji da shi. Warin ya shiga tufafi, ya shiga burodi.

Tsohuwa, uwar Mai Kawa, ta rasu. Ta saci jiki ta je bayan duwatsu inda ba allo, ta ɗebo, ta dafa ta ci da rana ita kaɗai. Ta hana jikokin, ta ce in da wani abu a kanta zai tsaya. Ba a jima ba ta ce leɓenta ya mutu, sai yatsu, sai harshe ya yi nauyi. Mai Kawa ta buga min ƙofa. Na san abin da ke faruwa, na san abin da zai biyo baya daki-daki, don na karanta shi a littafi. Muka sa ta a kwale-kwale za mu kai ta asibitin da ke ƙetare. Kanta yana kan cinyata. Idonta biyu, tana kallona, numfashin ne ya ƙi. Na yi ta hura mata iska a baki. Ba mu kai ba.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Ba na jin komai. Da muka dawo da gawarta gidan ya cika da mutane, ina tsaye a tsakar gida ina ganin bakuna suna buɗewa, mata suna zubewa ƙasa, ni kuwa ba na jin komai. Kamar an saka ni a kwalba an toshe. Washegari na fita na ɗebo ruwa kamar kullum. Har yau haka nake.

Hutun da na ce ba zai yiwu ba yanzu, ba wanda zan bar wa wurin. Ki ba Baba haƙuri.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya jiƙan tsohuwar, ya ba su haƙuri.

Tun da na karanta takardarki hankalina bai kwanta ba. Haka ciwon kunnen Mama ya fara, haka nawa ya fara: ki ga baki yana motsi, sauti ba ya isowa, kamar an toshe ki a cikin wani abu. Ni na yi ta cewa gajiya ce har na rasa kunnen hagu gaba ɗaya. Na ɗauka ke kin tsira, tunda kin wuce shekarun da ya kama ni. Ga ƙarar inji kullum a kunnenki.

Ki bi jirgi na gaba ki je birni ki ga likitan kunne, ba likitan komai da komai ba. Kada ki ɗiga wani abu, kada ki sa tsinke. In sun ce sai na'ura ki karɓa, ba abin kunya ba ne, ni da na karɓa da wuri da ban kai haka ba. Ki rubuto min wane ɓangaren ya fi, kuma ko kina jin ƙara kamar kukan gyare.

Batun hutu na gaya wa Baba. Gaskiya ya daina tambayarki, ko sunanki bai ƙara ambata ba. Ban so in gaya miki ba, amma gara ki sani.

Yayarki

*

Auta,

Lafiya dai? Mu muna lafiya. Na yi ta zuwa gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Na sa maigidan ya kira lambarki, ba ta shiga. Kin ga likitan? Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardunki duka biyu sun iso. Ina lafiya, da fatan ku ma haka.

Kunnena ƙalau. Ina jin inji, ina jin tsuntsaye, ina jin ɗigar famfon ofis. Ba wannan jin nake nufi ba. Da na karanta maganar likitan kunne na so in yi dariya, ita ma ba ta zo ba.

Na yi shiru ne don ban san me zan ce a kan maganar Baba ba. Na san tun farko bai so na ɗauki aikin nan ba, ya ce wa zai bar mutane ya je ya zauna da ruwa. Ga shi na saɓa alkawari. In ya cire ni daga bakinsa yana da hujja. Ki dai gaya masa ba yawo nake ba. In ba ya son ji, ki bar shi. A nan ma ba mai ambaton sunana, na saba.

Na tashi daga gidan Mai Kawa. Ba ta kore ni ba. Tana amsa gaisuwata, tana share ƙofar ɗakina, amma in na shigo sai gidan ya yi tsit. Wata rana na ji ƙaramar 'yarta tana tambaya ko ni ce na zuba abu a ruwan. Uwar ta ce ta rufe baki. Ba ta ce a'a ba. Na kwashe kayana na koma ɗakin ajiya na ofis, katifata tsakanin kwalabe da tsohuwar raga.

Ruwan ya washe, shuɗi kamar ba a yi komai ba. Wannan ya fi wuya, don kowa yana ganinsa da idonsa, allunan kuma suna nan. Gubar tana daɗewa a jikin kawa bayan ruwa ya washe. Shugaban ƙungiyar masunta ya zo, wani daga hukuma ya zo, kowa da murmushinsa, kowa yana tambaya yaushe. Ina aika naman kawa birni a gwada, amsa tana dawowa cewa da sauran lokaci. Wasu matan sun fara bin jirgi suna tafiya birni neman wanki da shara. In na je kai takarda sai mu haɗu a bakin jirgin, su matsa min in wuce.

Na ɗebo laka daga ƙasan ruwa na duba. Tsiron nan mai guba ya bar iri a ciki, ƙwayoyi masu kaurin ɓawo, suna kwance suna jiran zafi. Na ɗauka baƙo ne mai wucewa, ashe tarewa ya yi. Duk shekarar da ruwa ya yi ɗumi aka yi ruwan sama a kai zai iya tashi, ɗumin kuwa ba raguwa yake ba. Na rubuta wa Farfesa. Ya amsa daga gadon asibiti a taƙaice: wai ya yi tsammanin haka ba za ta faru ba sai bayan ransa, kuma in ci gaba da ƙirga.

Ina ci gaba da ƙirga.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kunne lafiya. Ni ce da ciwona a rai, duk abin da na karanta shi nake gani. Kin gaya min mutum ya cika a cinyarki, ni kuma na aiko miki da maganar tsinke. Ki yi haƙuri.

Ke ma kin karanta tawa a karkace. Baba ba fushi yake ba. Da fushi ne da na gode Allah. Bai san yana da Auta ba. Gigin tsufa ne, likita ya tabbatar, ya ce ba ya komawa baya. Tun lokacin rediyon nan abin ya yi nisa, na yi ta sassauta miki don ina ganin abin da ke kanki ya ishe ki.

Ga yadda muke. Da safe maigidan ya yi masa wanka, ni in sa masa riga in ba shi abinci. Wani lokaci ya ɗauka ni Mama ce. Wani lokaci ya ce, “Baiwar Allah, sannu da ƙoƙari, su wa suka aiko ki?” Na nuna masa hotonki na ranar gama makaranta, ya duba da kyau, ya ce da gani yarinyar tana da kirki, 'yar wa ce. Ya taɓa ficewa, aka same shi a ƙofar tsohon shagonsa, inda yanzu ake sayar da wayoyi, yana laluben makulli a aljihu. Tun ranar ƙofar gida a kulle take. Ko “Baba” aka kira ba ya waigowa.

Abin da kika ce ba kya ji, yanzu na gane shi, don ina ciki. Ranar da ya fara tambayata su wa suka aiko ni, na ce masa asibiti, na ci gaba da sa masa maɓalli. Na jira kuka bai zo ba. Na je na ɗora tukunya. Lokacin da nake aiki na sha ganin haka a wurin masu jinya, in ce a raina taurin zuciya ne. Ba shi ba ne. Ban san sunansa ba, ban kuma san ko yana wucewa ba, ba zan miki ƙarya ba.

Ba zan ce ki bar aikinki ba. Ba don allunan nan ba da ba tsohuwa kaɗai za a binne ba, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Amma in da yadda za a yi, ki zo. Ba don ya gane ki ba. Jikinsa da ƙarfi, zai iya daɗewa, sai dai kullum ana rage wani abu. Har yanzu yana dariya in maigidan ya yi tuntuɓe da kujera. Ina so ki tarar da wannan.

Ni ma kuma na gaji, Auta.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ƙoƙari. Ni lafiya.

A tsaye na karanta takardarki a bakin jirgi. Na ninke ta, na koma ofis na ƙarasa gilashin da na bari a madubi. Sai da na gama na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, amma na daɗe a zaune.

Sakamako ya dawo da kyau daga ɓangaren da ke fuskantar buɗaɗɗen teku. Na sa hannu an cire allunan can. Bayan duwatsu yana nan a rufe. Na roƙi Farfesa, ya ce wata abokiyar aikinmu za ta zo daga birni ta riƙe wurin har in dawo.

Ranar da aka cire allunan Mai Kawa ta zo ofis. Ba ta taɓa shigowa ba. Ta tsaya a ƙofa ta dubi katifata. Ta ce, “Malama, nuna min shi.”

Na ce, “Wa?”

Ta ce, “Abin da ya kashe ta.”

Ina da ruwan ranar da tekun ya canza kala a ajiye. Na ɗiga, na daidaita mata madubin, na nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya. Ta daɗe a sunkuye.

Ta ce, “Waɗannan masu kama da duwatsun wuya?”

Na ce su ne.

Ta ce, “Ba su ma san da mu ba.”

Na ce ba su sani ba.

Ta miƙe ta gyara ɗankwali, ta ce, “Baɗi ma za su dawo?” Na ce ina ganin za su dawo. Ta ce, “To in kin gan su ni za ki fara gaya wa, ni zan gaya wa matan. Ba a jin maganar allo.” Har ta kai ƙofa ta ce ɗakina yana nan, ba ta ba kowa ba. 

Zan biyo jirgin da ke bayan wanda ya ɗauki takardar nan, don haka kada ki ba da amsa, za mu saɓa a hanya. Kada ki shirya min komai. Kada ki ce masa ga Auta nan zuwa, kada a sa shi wahalar neman abin da babu. In ya tambaya, asibitin da ya aiko ki ne ya ƙaro ma'aikaciya. Wanki da ba shi abinci ki bar min, ke ki kwanta ki miƙe ƙafa. Ban iya ba, amma za ki nuna min.

Abu ɗaya nake so. Ki tare ni a bakin ƙofa kafin in shiga, ki gaya min da wane suna yake amsawa yanzu, don in san yadda zan gaishe shi.

Ƙanwarki,
Auta